Yaya ake bai wa jariri maganin antibayotik ba tare da an cutar da shi ba?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya a cikinku, da kuma iyayen da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ɗana yana da wata biyar, nauyinsa kilo 7. Kwana uku da suka wuce ya kama tari da zazzaɓi, numfashinsa yana fita da sauri, muka kai shi asibiti, likita ya ƙirga numfashin, ya saurari ƙirjinsa, ya ce ciwon huhu ne, ya rubuta masa amoksisilin na ruwa, sau biyu a rana har kwana biyar. Alhamdulillahi yau jikinsa ya yi sanyi, yana shan nono yana wasa, amma tun jiya bayan gidansa ya koma ruwa-ruwa. Yayata ta ce in daina ba shi tunda ya warke, kada maganin ya lalata masa ciki, mai gidana kuma ya ce a cika kwanakin da likita ya faɗa. Abu na biyu, ma'aunin da ya zo da kwalbar ya ɓata, da ƙaramin cokalin gida nake ba shi tun shekaranjiya. Na uku, yayata ta ce lokacin da aka rubuta wa ɗanta wannan maganin, mililita 10 aka ce ta riƙa ba shi, ni kuma 5 aka ce mini, alhali girman yaran kusan ɗaya ne. Wannan ya sa hankalina bai kwanta ba, ina tsoron ko nawa bai isa ba.

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ni a ganina yayarki ta fi kusa da gaskiya. An mayar da waɗannan magunguna kamar ruwan sha, yaro ya yi atishawa antibayotik, ya fara haƙori antibayotik, kuma masana da kansu suna ta kokawa cewa yawan shansu ne ya sa ƙwayoyin cuta suka daina jin magani. Idan yaro ya warke, kuma ga alama maganin ya fara taɓa masa hanji, ban ga dalilin ci gaba da ɗura masa ba. Jariri ɗan wata biyar, cikinsa nawa yake?

Likitar Yara:

Maman Hanif, sannu da jinya. Ki ci gaba da ba shi har kwana biyar ɗin su cika. Sauƙin da kika gani a rana ta uku alama ce ta cewa maganin yana aiki, domin zazzaɓi yakan sauka tun kafin huhu ya gama tsarkaka daga ƙwayoyin da suka kama shi. Sassaucin bayan gida kuwa abu ne da aka saba gani da amoksisilin, saboda maganin ba ya tantance ƙwayar da ke huhu da masu amfani da ke zaune a hanji, yana taɓa duka biyun. Muddin yaron yana shan nono sosai, yana fitsari kamar yadda ya saba, babu jini a bayan gidan, kuma bai galabaita ba, to ba dalili ne na tsayar da magani ba. Ki yawaita ba shi nono. Idan gudawar ta yi yawa, ko kika ga jini, ko idanunsa da maɗigarsa sun faɗa, ki mayar da shi asibiti a ranar.

Baban Ummi, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin da ke ci mini rai kullum ke nan. Mura, da yawancin tari, da yawancin gudawar yara, ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, bakteriya kawai yake kashewa. Yaron da ke gudawa mara jini, ruwan gishiri da sukari da sinadarin zinki yake buƙata. Fitowar haƙori kuwa ba cuta ba ce balle a nema mata magani. Damuwarka game da bijirewar ƙwayoyin cuta ita ma tana da tushe mai ƙarfi: wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kusan miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Inda na saɓa da kai shi ne wurin da ya kamata a yi tsantseni. Tsantsenin yana gaban farawa ne, wato a tabbatar yaron yana buƙatar maganin. Shi wannan yaro an duba shi, an ƙirga numfashinsa. A tsakanin wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya tare da tari alama ce ta ciwon huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a duniya. Wanda ya tsayar da magani a nan saboda tsoron gudawa, ya gudu daga gara ne ya faɗa gidan zago.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Bari in ɗauki tambaya ta biyu da ta uku, domin su ne aikina na yau da kullum, kuma a nan ne na fi ganin kuskure daga iyayen da suke da kyakkyawar niyya.

Ba da mililita ake lissafin maganin jariri ba tun asali, da miligiram ake yi, gwargwadon nauyin yaron. Bayan an fitar da miligiram ɗin ne ake duba ƙarfin abin da ke cikin kwalba a ga mililita nawa zai ba da wannan adadi. Amoksisilin na ruwa yana zuwa da ƙarfi daban-daban, waɗanda aka fi sani su ne mai miligiram 125 a cikin mililita 5, da mai miligiram 250 a cikin mililita 5. To idan likita yana son yaro ya sami miligiram 250, daga kwalba ta farko mililita 10 za a ba shi, daga ta biyu kuma mililita 5. Ina kyautata zaton abin da ya faru tsakaninki da yayarki ke nan, amma ki duba jikin kwalbarki ki faɗa mana abin da aka rubuta. Wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon iyaye kada su ari adadi daga bakin 'yar'uwa ko maƙwabciya. Uwar da ta saba da mililita 10 ta sayo kwalba mai ƙarfi za ta ninka wa ɗanta magani, wadda ta saba da 5 ta sayo mara ƙarfi za ta ba shi rabi, kuma dukansu biyu suna ganin daidai suke yi.

Cokalin gida kuwa ki ajiye shi yau. Cokula ba girmansu ɗaya ba, wani yana ɗaukar ƙasa da mililita 5, wani fiye, kuma da wuya a kai shi bakin jariri mai motsi ba tare da wani abu ya zube ba. Ki nemi sirinjin ba da magani ta baki, wanda ba shi da allura, mai layukan mililita a jiki. Ki girgiza kwalbar sosai kafin kowane ɗiba, domin garin maganin yana kwantawa a ƙasa, idan ba a girgiza ba na farko-farko zai zama kusan ruwa, na ƙarshe kuma ya yi kauri fiye da kima. Ki ɗaga yaron kamar yadda kike yi idan za ki shayar da shi, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, ki matsa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Kada a tura cikin maƙogwaro kai tsaye, kada a toshe masa hanci, kada a ba shi yana kwance shame-shame, domin zai iya shaƙewa maganin ya bi ta hanyar iska. Kada kuma a juye shi cikin cikakkiyar kwalbar madara, saboda idan bai shanye ba, ba wanda zai san nawa ya shiga cikinsa.

Sau biyu a rana yana nufin tazarar kusan awa 12, sau uku kuma kusan awa 8. Ba a ba da na safe da na dare a haɗe don an manta ɗaya. Idan ya yi amai cikin ƙasa da minti 30 da shan maganin, yawanci ana sake ba shi, idan kuwa an fi haka sai a jira lokaci na gaba.

Maman Hanif:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, an rubuta 250 a cikin mililita 5, don haka hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren. An kawo mini sirinjin. Da na auna ruwa da cokalin da nake amfani da shi na zuƙe da sirinji, sai na ga bai kai 4 ba. Zan koma in faɗa wa likitan da ya duba shi, ya san abin da ya faru cikin kwana biyun nan.

Hajiya Kaka:

'Ya'yana, ni ma ina da tambaya tunda ga masana sun taru. Na haifi bakwai na raine su, kuma a lokacinmu idan yaro ya yi zafin jiki mukan ba shi Septrin ko abin da ya rage a gida, Allah kuma yana ba da lafiya. Yanzu ga jikata ɗiyar kwana 12 a hannuna, tun da rana jikinta da ɗumi, ta rage kama nono, barci kawai take yi, sai an taɓa ta take motsawa, idanunta kuma sun ɗan yi rawaya. Akwai ragowar Septrin na yayanta da aka buɗe watan jiya. Na ce wa uwar a ba ta ɗan ɗigo kaɗan zuwa wayewar gari, ta ƙi, ta ce in tambaya a nan. Ɗigo nawa ya dace da mai kwana 12?

Likitar Yara:

Hajiya, don Allah kada a ba ta ko ɗigo ɗaya, kuma kada a jira gari ya waye. A ɗauke ta yanzu a kai ta asibitin da ke kwantar da jarirai. Abubuwan da kika lissafa, zafin jiki, da ƙin nono, da rashin motsi sai an taɓa ta, kowannensu shi kaɗai alamar haɗari ce a wannan shekarun, balle sun haɗu. A rufe ta da kyau a hanya, uwar ta ci gaba da gwada ba ta nono, a faɗa wa likita ranar haihuwarta, da nauyinta, da batun rawayar ido, da cewa ba a ba ta komai ba. Uwar ta yi daidai da ta ƙi. Ku tashi yanzu, sauran bayani zai jira ku.

Ma'aikaciyar Jinya:

Allah ya sa sun kama hanya. Ina aiki a ɗakin kula da jarirai, kuma zan yi bayanin abin da ya sa likita ta yi magana da wannan gaggawar, saboda masu karantawa daga baya.

Jaririn da bai cika wata biyu ba, musamman wanda bai kai kwana 28 ba, garkuwar jikinsa ba ta iya tsare cuta a wuri ɗaya. Ƙwayar da ta shiga ta cibiya, ko ta fata, ko ta hanyar fitsari, ko wadda ya ɗauko lokacin haihuwa, tana iya shiga jini ta kai ga ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau cikin 'yan awanni. Kuma ba ya nuna ciwo kamar babban yaro. Wani ko zazzaɓi ba ya yi, sai ma jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗauka da muhimmanci su ne ƙin shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, lotsawar ƙirji sosai wajen jan numfashi, zafin jiki da ya kai digiri 38, sanyin jiki ƙasa da 35.5, da rashin motsi sai an taɓa shi. Irin wannan jariri allura yake buƙata, yawanci ampisilin ko penisilin haɗe da jentamaisin, kwana bakwai zuwa goma, idan kuma sanƙarau ne a kai mako biyu zuwa uku. Ɗigon magani ta baki ba zai kai jini da ƙarfin da ake so ba, abin da zai yi kawai shi ne ya ɓata sakamakon gwaji, a shuka jinin a ɗakin gwaji ƙwayar ta ƙi fitowa, likita ya rasa sanin wace ce kuma wane magani take ji.

Shi Septrin ɗin kansa yana da haɗari na musamman ga sabon haihuwa. Yana cikin dangin magungunan salfa, kuma ba a ba da shi ga jaririn da bai kai mako shida ba. Sinadarin da ke sa shawara, wato rawayar ido da fata, yana yawo ne a jini manne da wani furotin da ke riƙe shi. Magungunan salfa suna ture shi daga wannan mariƙi, sai ya sami hanyar shiga ƙwaƙwalwa, inda yake iya barin kurumta ko shanyewar jiki na har abada. Tun a shekarun 1950 aka gano wannan, bayan an ga abin da ya sami bakwaini da aka ba irin maganin. A ƙarshen shekarun 1950 ɗin dai aka gano illar kuloramfenikol, wanda hantar sabon jariri ba ta iya sarrafawa, sai ya taru a jini, fatar jaririn ta yi toka-toka, jini ya faɗi, da yawa suka rasu. Seftiriyazon, wanda mutane da dama suke ɗauka a matsayin allurar da ta fi kowace ƙarfi, shi ma ana guje masa ga jariri mai shawara, kuma ba a haɗa shi da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam a watan farko. Tetirasaikilin yana ɓata launin haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara takwas. Duk waɗannan magunguna ne masu amfani a wurinsu, matsalar ita ce hanta da ƙodar jariri ba su gama nuna ba, don haka ba a ɗaukar na babban yaro a rage a ce ya zama nasa.

Hajiya ta faɗi gaskiyar abin da ta gani, 'ya'yanta sun rayu, kuma mun gode wa Allah. Sai dai yawancin zazzaɓin manyan yara na bairos ne, da zai tafi ko ba a ba da komai ba, shi ya sa ake ganin kamar maganin ne ya yi aiki. Mu a ɗakinmu, waɗanda aka jira da su har gari ya waye muke karɓa.

Baban Ummi:

Na karɓi gyara a kan batun Maman Hanif, kuma Allah ya ba jikar Hajiya lafiya. Amma malama, tunda kin ambaci jentamaisin, ina da abin da ya daɗe yana damuna. Lokacin da aka haifi 'yata an kwantar da ita a rana ta biyu, aka sa mata wannan allurar, bayan kwana biyu kuma aka tsayar aka ce mu tafi gida. Daga baya na ji cewa yana kashe kunne yana kuma taɓa ƙoda. Na kasa gane abu biyu. Idan ba ta da cutar, me ya sa aka sa mata magani mai irin wannan haɗari? Idan kuma tana da ita, me ya sa aka tsayar a kwana biyu alhali ku ne kuke cewa a cika kwanaki? Wannan ne asalin rashin yardata da lamarin gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya:

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma da an yi maka bayani a lokacin da ba ka ɗauki wannan damuwa tsawon lokaci ba. Ban ga takardun 'yarka ba, amma abin da ka bayyana ya yi daidai da tsarin da ake bi. Gwajin shuka jini yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya nuna wani abu, sabon jariri mai cuta a jini kuwa ba shi da wannan lokacin. Saboda haka idan akwai zargi mai ƙarfi, sai a ɗebi jinin tukuna, a fara allura nan take, sannan a sake duba lamarin bayan awa 36 zuwa 48. Idan babu abin da ya fito, sauran gwaje-gwaje sun yi kyau, jaririn kuma yana cikin ƙoshin lafiya, sai a tsayar, domin an tabbatar babu abin da ake yaƙa. Wannan tsayarwa ce da ta biyo bayan gwaji da duba, ta sha bamban da ta uwa da ta ga zazzaɓi ya sauka.

Haɗarin jentamaisin gaskiya ne, shi ya sa ake auna jariri kafin a lissafa shi, ake ba da shi sau ɗaya a rana, ga bakwaini ma a ƙara tazara, ake lura da fitsari, inda akwai hali kuma a auna yawansa a jini idan za a daɗe ana yi. Illar ta fi zuwa ne idan an yi kwanaki da yawa, ko adadin ya wuce kima, ko ƙoda tana da rauni. Idan kana da shakka kan jin 'yarka, ka nemi a yi mata gwajin ji, abu ne mai sauƙi da ba ya ciwo, kuma ya fi zama da zullumi.

Ɗalibin Likitanci:

Ina neman afuwar malamaina, ina da ɗan tsokaci kan maganar cika kwanaki. Abin da muke karantawa yanzu shi ne tsawaita magani fiye da buƙata yana ƙara bijirewar ƙwayoyin cuta, domin kowace rana ta ƙari tana ba ƙwayoyin hanji masu taurin kai damar mamaye wurin waɗanda suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojinta na 2014 ta amince da kwana uku na amoksisilin ga wasu yara masu saurin numfashi kawai. Shin ba lokaci ya yi da za mu daina gaya wa iyaye cewa rashin cika kwanaki ne ke haifar da bijirewa ba?

Likitar Yara:

Ka karanta daidai, kuma ina jin daɗin ganin ɗalibi yana bin sabon ilimi. An rage kwanakin magani a cututtuka da dama saboda bincike ya nuna gajeren lokaci ya wadatar. Amma ka lura da yadda aka kai ga kwana ukun nan: an gwada shi ne a kan rukunin yara da aka fayyace, masu wata 2 zuwa 59, masu saurin numfashi ba tare da lotsawar ƙirji ba, kuma a wuraren da cutar ƙanjamau ba ta yawaita ba. Wanda ƙirjinsa ke lotsawa kwana biyar ne. Mu a nan ba mu ga ɗan Maman Hanif ba, wanda ya gan shi ya ce biyar, ga shi kuma yanzu mun san kwana biyu ya yi yana samun ƙasa da adadinsa. Rage kwanaki aikin mai rubuta magani ne tun ranar farko, ko bayan ya sake duba yaron. Idan muka ce wa iyaye su tsayar da zarar sun ga sauƙi, mun ɗora musu hukuncin da ba su da kayan yanke shi, kuma ragowar da ke kwalbar ita ce za ta zauna a gida har ranar da za a ɗauko ta don wani jariri, kamar yadda ya kusa faruwa a daren nan.

Akwai kuma ɓangaren da bai tsufa ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan adadin da bai isa ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin. Cokalin da bai cika ba yana cikin wannan. Sannan ina roƙonka, idan ka fara aiki, kada ka ɗauka sabon magani mai faɗin aiki ya fi kyau. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku, na farawa da su, da na sa ido, da na ajiya don ranar da komai ya gaza. Amoksisilin da ampisilin da jentamaisin suna gidan farko, seftiriyazon da azitiromaisin suna na biyu. Iyaye za su matsa maka ka rubuta mai ƙarfi, kai kuma aikinka ka rubuta wanda ya dace da ƙwayar.

Maman 'Yan Biyu:

Likita, duk abin da aka faɗa na gamsu da shi, sai dai ana magana kamar kowa yana kusa da asibitin da ke kwantar da jarirai. Wanda tsakaninsa da irin wannan asibiti tafiyar yini ce, ko uwar ba ta da halin kwana goma a can, me zai yi? Ina jin irin wannan ne ke sa mutane komawa ga abin da ke cikin gida.

Likitar Yara:

'Yar'uwa, wannan matsala ce ta gaske, kuma an yi tunani a kanta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ta musamman domin jarirai 'yan ƙasa da wata biyu da ba zai yiwu a kai su babban asibiti ba. A ƙarƙashinta, ma'aikacin lafiya da aka horar a ƙaramar cibiya zai iya yi wa wasunsu allurar jentamaisin sau ɗaya a rana tare da amoksisilin ta baki, yana sake duba su a ranakun da aka tsara. Wanda ya wuce kwana shida da haihuwa kuma saurin numfashi ne kaɗai alamarsa, ana iya ba shi amoksisilin ta baki na kwana bakwai. Amma mai jijjiga, ko wanda ba ya iya shan komai, ko ba ya motsi sam, dole a nemi hanyar kai shi, bayan an yi masa allurar farko. Saboda haka ko babban asibiti ya yi nisa, a je cibiyar lafiya mafi kusa, a auna jaririn, a duba shi. Akwai kuma amoksisilin na ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa ko ruwan nono, wanda ba ya buƙatar firji, ya fi sauƙi inda ajiyar na ruwa ke da wuya.

Hajiya Kaka:

Assalamu alaikum. Mun isa tun daren jiya, an kwantar da ita. An ɗebi jininta da fitsarinta, an kuma ɗebi ruwan ƙashin bayanta, abin da ya tayar mini da hankali har sai da likita ya zaunar da ni ya ce ta haka ne kawai za a san ko sanƙarau ne. An fara mata allura biyu, an sa ta ƙarƙashin fitila saboda shawarar. Da na ambaci Septrin ɗin, likitan ya tambaye ni sau biyu ko an ba ta, na ce a'a. Da safen nan ta ɗan kama nono. An ce sai gobe ko jibi sakamakon jinin zai fito. Kwalbar da ta rage kuma na sa an fitar da ita daga gidan. Ku taya mu da addu'a.

Maman Hanif:

Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, ya sa kaffara ce. Ni ma na koma wurin likita, ya sake ƙirga numfashin Hanif ya ce ya daidaita, ya ce in ƙarasa da sirinji, ya ƙara mini kwana ɗaya. Sai dai yau na ga wani fari-fari a harshensa da cikin kumatunsa wanda ba ya gogewa, da jan ƙuraje a wurin kunzugu. Shin borin magani ne? Kuma ya zan yi da abin da zai rage a kwalbar?

Mai Harhaɗa Magunguna:

Abin da kika kwatanta ya fi kama da naman gwari, wato wani nau'in ƙwayar cuta, da kan yaɗu a baki da wurin kunzugu idan antibayotik ya rage ƙwayoyin da ke danne shi. Yana da nasa maganin mai sauƙi, ki nuna wa likita ya tabbatar, ya duba ke ma ko kan nononki yana ciwo, domin sau da yawa uwa da ɗa ake yi wa tare. Borin magani kamanninsa daban ne: ƙuraje masu tasowa kamar cizon sauro suna yawo a jiki, kumburin fuska ko leɓe ko harshe, numfashi da ƙyar ko da ƙara, ko fata tana saɓulewa. Idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki tsayar da maganin ki kai shi asibiti nan take, a kuma rubuta sunan maganin a katinsa don gaba.

Ragowar kuwa ba ta da amfani ga kowa. Da zarar an zuba ruwa a garin amoksisilin, kwana 7 zuwa 14 kawai yake yi gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a jikin kwalbar, daga nan ƙarfinsa ya ragu. Idan kin ba shi na ƙarshe, ki mayar da kwalbar inda kika karɓo maganin ki tambaye su yadda ake zubar da ita, sirinjin kuma ki wanke ki shanya ki ajiye.